Sai ya mutu ke nan za a sa mu? Agajin ƙetare da yaran Kaduna

Ana saura kwana 10 a kama azumin 2024 yayata da ke aikin jinya a Birmingham ta kira ni. Ta ce ƙungiyarsu ta tara abin da zai ɗauki nauyin marayu 60, in taimaka in haɗa musu sunaye a wata unguwa cikin Rigasa. Ƙungiyar ba ta taka kara ta karya ba. Mutum goma sha wani abu ne, ma'aikatan jinya da direbobin tasi da wani mai shagon nama, galibinsu 'yan Arewa, sai 'yan asalin Pakistan biyu da masallaci ya haɗa su. Na amsa ba tare da dogon tunani ba, don a zatona aikin wuni guda ne: liman ya yi sanarwa, mai unguwa ya sa hannu, a rubuta, a tashi.

Ranar da muka shimfiɗa tabarmi a harabar wata Islamiyya, matan da suka zo sun fi 200. Fom ɗin da aka turo mini ta WhatsApp ba shi da wuya: sunan yaro, shekarunsa, ranar da mahaifinsa ya rasu, shaidu biyu. Wajen azahar wata mata ta durƙusa gabana, goye da ɗa, wasu biyu na riƙe da gefen hijabinta. Na tambaye ta yaushe maigidan ya rasu. Ta ce yana nan da ransa, shekara biyu ke nan yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, da can dako yake yi a Bakin Dogo. Na ce, "Baiwar Allah, sai dai ki yi haƙuri, wannan na marayu ne." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta gyara goyonta ta ce, "To Malam, sai ya mutu ke nan za a sa mu?"

Wadda ta biyo bayanta na rubuta 'ya'yanta uku ba gardama. Marayu ne na gaskiya, kowa a layin ya san ranar da aka yi jana'izar ubansu. Kowa kuma ya san baffansu yana da shaguna a babbar kasuwa, shi ke biya musu makarantar kuɗi. Fom bai tambayi wannan ba.

Tun daga ranar nake juya maganar ƙananan ƙungiyoyin Musulmi na ƙetare da ke turo tallafi don yara. Alherinsu na gaske ne, kuma yana shiga lungunan da manya ba sa leƙawa. Sai dai kuɗinsu yana bin abin da mai bayarwa ke iya hangowa daga nesa ne, a lokacin da zuciyarsa ta motsa. Talaucin yaro a Kaduna kuwa yana da nasa kamanni, yana da nasa watanni, kuma sau da yawa ba sa haɗuwa da na mai bayarwa.

Manyan da ake jin sunansu yau, su ma da rarrafe suka fara. Islamic Relief a Birmingham aka kafa ta a 1984, lokacin yunwar Sudan da Habasha, ƙarƙashin jagorancin Dakta Hany El-Banna, likita ɗan asalin Masar. Muslim Aid ta biyo baya a Landan a 1985, Muslim Hands kuma a Nottingham a 1993, ana tsaka da yaƙin Bosniya. Waɗannan sun zama giwaye, suna da ofisoshi da ma'aikata da lauyoyi. Ƙarƙashinsu akwai tarin ƙanana irin ta su yayata, waɗanda ofishinsu falon wani ne, ma'ajinsu kuma sai ya tashi daga aikin dare yake duba asusu. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 ne a Ingila da Wales, kuma kaso mai yawa daga cikinsu suna zaune ne a unguwannin da suka fi talauci a ƙasar. Wannan yana da kyau mutanenmu su sani, don a nan da an ce kuɗi daga Landan sai a ɗauka daga rijiya ake jawo shi. Yawancinsa gumin mai wanke tsofaffi ne a gidan kula da su, da mai tuƙa tasi har asuba.

Dokar can ta sauƙaƙa musu wani ɓangare. Ƙungiyar da abin da take samu a shekara ya haura fam 5,000 za ta yi rajista da hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji, wato Charity Commission. In ta yi, duk fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar, gwamnati na ƙara mata kwata a kai ta tsarin da suke kira Gift Aid. Sannan canjin kuɗi ya ninka musu ƙarfi a nan. A farkon 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, cikin 2024 ya haura 2,000. Fam 25 da ƙungiyar yayata ke ware wa kowane maraya a wata ya zama wajen naira 50,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, Jihar Kaduna ta ce nata 72,000. Wato yaro ɗaya da aka ɗauka yana shigo wa gida da abin da ya kusa albashin masinja. Shi ya sa mata 200 suka zo neman gurbi 60. Ko da yake tsadar kaya ta cinye rabin wannan riba: buhun shinkafa ya ninka kuɗinsa a tsakanin, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 bisa lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa.

Kuma sun zo a daidai lokacin da manyan masu bayarwa ke naɗe tabarma. Birtaniya ta rage kason agajin ƙetare daga kashi 0.7 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, a Fabrairun 2025 ta ce za ta sake sauke shi zuwa 0.3. Amurka ta rufe hukumar USAID ɗungurungum a 2025. A shekarar ce ƙungiyar likitocin MSF ta ce yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farko. Ƙananan ƙungiyoyi ba za su cike wannan giɓi ba, ko kusa. Amma suna da abin da manya ba su da shi: sauri da sanayya. Iyalan da 'yan bindiga suka koro daga Birnin Gwari, Giwa da Chikun ba sansani suke tafiya ba, raɓewa suke yi a kangaye da ɗakunan 'yan uwa a Rigasa, Mando da Hayin Banki. Babbar ƙungiya sai ta turo masu bincike, a rubuta rahoto, a nemi amincewar hedikwata. Ƙarama kuwa wani zai kira ƙanwarsa a waya, kafin Juma'a an kai masara da tabarma.

To me ya sa maraya, kuma maraya kaɗai? Dalilin farko addini ne, kuma dalili ne mai ƙarfi. Manzon Allah (SAW) maraya ya tashi. Hadisin da ya ce shi da mai rainon maraya kamar haka suke a Aljanna, ya haɗa manuniya da ɗan yatsan tsakiya, babu ɗan Islamiyyar da bai haddace shi ba. Suratul Ma'un ta sa tunkuɗe maraya cikin alamomin mai ƙaryata sakamako. Wanda ya ciri fam 25 daga albashinsa wannan matsayi yake nema, kuma babu mai ikon ce masa ya yi kuskure. Dalili na biyu na aiki ne: maraici yana da sauƙin tabbatarwa. Uba ya rasu ko bai rasu ba. Talauci kuwa sai ka shiga gida, ka ga tukunya, ka ji bashin da ake bin matar a shagon unguwa. Wanda ke Birmingham ba shi da idon da zai ga wannan, sai ya riƙe ma'aunin da za a iya rubutawa a fom.

Amma a duba aya ta 60 ta Suratut Tauba, inda Allah Ya lissafa mutum takwas da ake ba zakka: faƙirai, miskinai, ma'aikatanta, waɗanda ake lallashin zukatansu, 'yanta bayi, waɗanda bashi ya danne, tafarkin Allah, da matafiyin da guzuri ya yanke wa. Babu maraya a ciki da sunansa. Maraya yana cin zakka ne in ya kasance faƙiri ko miskini. Wanda ya gaji dukiya, ko yake hannun mai wadatar da ke ɗauke da shi, bai shiga sahun farko ba. Matar ɗan dakon nan ita da 'ya'yanta suna tsakiyar ayar, mu muka fitar da su da fom ɗinmu.

Kuma irinta su ne mafi yawa. Binciken talauci da hukumar ƙididdiga ta fitar a Nuwambar 2022 ya ce 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da yawa, kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa, kuma yara biyu cikin kowane uku abin ya shafa. Ba wanda zai ce yara biyu cikin uku marayu ne. Talaucin yaran Kaduna yawancinsa na masu uba ne da rai. Akwai gidajen Kakuri da Makera da ba su farfaɗo ba tun da masaƙu suka mutu, KTL a 2002, UNTL a 2007, har jikokin ma'aikatan sun gaji rashin. Akwai manomin da gonarsa ke nan amma bai isa ya taka ta ba sai ya biya 'yan bindiga. Akwai bazawarar da aka saka da 'ya'ya huɗu, tsohon mijin ya yi sabon aure a Abuja, ko kuɗin ciyarwar da alƙali ya yanka ba ya turowa. Akwai almajirin da iyayensa duka biyu ke raye a wani ƙauyen Katsina. Duk waɗannan babu gurbinsu a fom ɗin marayu.

Abin da ke biyo baya kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama kan irin tabarmar da na zauna. Mutane suna koyon amsar da fom ke so. Bazawara ta ce mijinta ya rasu, mai unguwa ya san yana raye amma tausayi ya sa ya sa hannu, shaidu biyu su rantse. Ka ga an tura mabuƙaci na gaskiya yin ƙarya don ya karɓi abin da tun asali haƙƙinsa ne. Sannan akwai yadda muke riƙon maraya a ƙasar Hausa. Ba a ware shi, baffa ko kawu ko gwaggo ke ɗauka ya haɗa da nasa. Sai ga shi a ɗaki ɗaya yaro guda ya samu sabon yunifom da jaka da takalmi, 'ya'yan mai riƙon suna kallo da tsohon silifa. Uwar gida mai hankali takan karɓi kuɗin ta zuba a tukunyar kowa, wanda shi ne daidai, amma ranar rahoto dole ta ce duk a kan maraya aka kashe.

Na ce wa yayata, "Yaya, tunda zakka ce, me zai hana a ba wadda ta fi buƙata?" Ta ce ba su da iko. An tara kuɗin ne da sunan marayu, kuma a dokar can abin da aka tara don wata manufa ba a karkatar da shi zuwa wata. Malamin da suka tambaya shi ma ya ce sharaɗin mai bayarwa abin kiyayewa ne. Ashe tun ranar da aka rubuta "marayu" a takardar neman gudummawa aka rufe wa matar nan ƙofa, watanni kafin ta zo gabana.

Sai maganar lokaci, wadda a ganina ta fi ta maraici muhimmanci amma ba a cika yin ta ba. Kuɗin ƙungiyoyin Musulmi a azumi yake shigowa, musamman goman ƙarshe, sai kuma Babbar Salla da layya. Azumi yana ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Na 2024 da na 2025 a Maris suka kama, na 2026 a Fabrairu. Yunwar Arewa kuwa ba ta bin watan sama, damina take bi. Daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, mudun masara ya yi tsada, kuma a daidai lokacin zazzaɓin cizon sauro da gudawa ke kwantar da yara. A watannin ne ɗakunan masu tamowa ke cika. Rabon da azumi ya faɗo cikin wannan tsakani tun shekarun 2008 zuwa 2016, kuma ba zai dawo ba sai bayan 2040. Saboda haka a yanzu buhuna suna sauka ne a lokacin da kowane mai hali a gari shi ma yake rabo, 'yan siyasa suna rabo, masallatai suna buɗa-baki. Mace ɗaya takan karɓi shinkafa daga wuri uku a sati guda. A watan Agusta kuwa, ranar da ma'aikaciyar asibiti ta naɗa tef a damtsen yaro ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, babu ko mai kiran waya. Maganin ba ɓoyayye ba ne: kwali ɗaya na ƙunshin gyaɗar nan ta tamowa, mai guda 150, yakan tayar da yaro cikin mako shida zuwa takwas. Kuɗin da zai saye shi ne aka riga aka kashe tun Maris, don mai bayarwa yana so ya ga an raba kafin Salla.

Naman layya ma haka. Yana da daɗi, yara suna murna, ibada ce mai zaman kanta. Kwana uku ne.

Hoto kuma fa? Nan ina da laifi, don ni na riƙe wayar. An jera yara gaban ƙyalle mai sunan ƙungiya, kowa ya rungume jaka, aka ce su yi murmushi su ce jazakumullahu khairan. Wani yaro ɗan shekara 12 ya ƙi ɗaga kai. Daga baya uwarsa ta gaya mini a makaranta an ga wani bidiyonsa na bara a Facebook, tun daga nan ake kiransa ɗan sadaka. Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, ta kuma ce ɓoye ta a kai wa faƙirai shi ya fi alheri. Masu ƙungiya sun san ayoyin sarai. Abin da ya tilasta musu hoton rashin yarda ne. An sha cinye kuɗin mutane, an sha turo hoton rijiya ɗaya ga masu bayarwa biyar, ga shi hukumar Charity Commission ta can tana so amintattun ƙungiya su nuna hujjar cewa kuɗi ya isa inda aka ce. Hoto ya zama rasit. Amma rasit a fayil ake ajiye shi don mai binciken kuɗi. Da aka ɗora shi a intanet ya koma talla, kuma da fuskar yaron ake biyan kuɗin tallar.

Wani alkawarin da ke jawo masu bayarwa shi ne cewa duk abin da ka bayar ɗari bisa ɗari zai isa hannun mabuƙaci, ko kwabo ba a taɓawa. Jin sa da daɗi. To wa ke biyan kuɗin man da za a zaga gidaje 60? Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Wa ke biyan 'yan dako, da cajin mai POS, da data, da wunin da mutum ya bar sana'arsa? Manyan ƙungiyoyi sukan cire wannan daga ƙarin Gift Aid ko wani asusu daban. Ƙanana kuwa a kan wakilinsu na gida nauyin ke faɗawa, wani malamin makaranta ko matar liman. Ni na yi sati biyu ina zirga-zirga a Keke Napep daga aljihuna, kunya ta hana ni faɗa, don aikin Allah ne. Wakili irin wannan ɗayan biyu ne ke samunsa: ko ya gaji ya ajiye, ko ya fara ƙara dubu biyu a kan kowane buhu ya kira shi kuɗin wahala a zuciyarsa. Alhali ayar zakkar da ta ambaci faƙiri da miskini, na uku da ta ambata shi ne ma'aikacin da ke tarawa da rabawa. Alƙur'ani ya yanka masa rabo a fili, mu muka mayar da shi abin kunya, sai ya koma ɗauka a ɓoye.

Hanyar da kuɗin ke bi ma ba lafiya ba. Tun bayan harin 11 ga Satumban 2001 ƙungiyoyin agajin Musulmi suka shiga idon hukumomi. A Disambar shekarar Amurka ta rufe Holy Land Foundation, wadda ita ce babbar ƙungiyar agajin Musulmi a ƙasar a lokacin. Bankuna suka ga cewa riƙe asusun ƙungiyar da ke tura kuɗi yankin rikici ya fi musu hatsari a kan riba, suka fara sallamar su. Bankin HSBC ya rufe asusun Ummah Welfare Trust a 2014, ya kuma raba gari da Islamic Relief kanta. In giwa ta sha wannan, ina ga zomo? Najeriya kuma ta shiga jerin ƙasashen da hukumar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram ke sa wa ido na musamman a Fabrairun 2023, sai a Oktoban 2025 aka cire ta. Ka haɗa kalmomin Musulmi, agaji da Arewacin Najeriya a takardar tura kuɗi ɗaya, kwamfutar banki za ta kunna jar wuta. A nan gida ma sai ƙungiya ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ta karɓo takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin banki ya buɗe mata asusu. Matan unguwa da ke haɗa kuɗin marayu ba su san ma ƙofar ofishin ba. Ƙarshenta sai a turo kuɗin ta asusun wani ɗan uwa kamar kuɗin cefane. An gudu gara an faɗa gidan zago: dokar da aka yi don a ga sawun kuɗi ita ta kora shi hanyar da ba ta da sawu.

Rijiyoyin burtsatse ba sai na tsaya a kansu ba. Kowa ya ga allon siminti mai sunan marigayi da addu'a, famfon kuma ya shekara bai ɗigo ba. Akwai mai biyan kuɗin haƙa don sadaka mai gudana ce, babu mai biyan kuɗin gyara don ba a rubuta suna a kan gyara.

Kada a ɗauka ɗaukar nauyin yaro aikin banza ne. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan yaran da ƙungiyar Kirista ta Compassion ta ɗauki nauyinsu a ƙasashe shida ya gano sun fi takwarorinsu daɗewa a makaranta da fiye da shekara guda. Amma misalin da ya fi kusa da mu a Zamfara da Jigawa aka yi shi. Ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, sun riƙa ba mata masu juna biyu naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har yaro ya cika shekara biyu, tare da wayar da kai kan shayarwa da abincin yara. Ba a tambayi ko miji na raye ba. Da aka auna, tsumburewar yara ta ragu, matan kuma da yawa sun ja jari da kuɗin. Dalilin a fili yake: daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu ne jiki da ƙwaƙwalwa ke ginuwa, abin da aka rasa a nan da wuya a mayar da shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure. Sai dai ɗan tayi ba shi da suna, ba shi da fuska, ba zai rubuta wa mai ɗaukar nauyinsa wasiƙar godiya ba. Yaran da muka rubuta a Rigasa kusan dukkansu 'yan firamare ne, don su ne ke iya tsayawa gaban kyamara da jaka.

Akwai kuma tambayar da ta fi ci mini rai, ita ce ta mu na gida. Da Manzon Allah (SAW) ya aiki Mu'azu Yaman, ce masa ya yi a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, zakka a inda ta wajaba ake raba ta, ba a kai ta nesa sai in na can sun fi buƙata. Da wannan rangwame ne kuɗin Birmingham ke zuwa Rigasa, kuma da shi ne mu ma muke tara wa Gaza a masallatanmu. Amma daga Rigasa zuwa Malali da Unguwar Rimi tafiyar rabin awa ce. A garin nan hedikwatar Jama'atu Nasril Islam take tun kafa ta a 1962. Zamfara da Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da wakafi. Masu kuɗinmu suna fitarwa, ban ce ba sa yi ba, sai dai mafi yawanta ta layin ƙofar gida ce, dubu biyar-biyar a ambulan, wadda ba ta fitar da kowa daga komai. Da akwai amintaccen asusu a gida mai rajistar gidajen da ke cikin matsi, da ƙungiya irin ta yayata ba ta buƙaci fom da hoto ba, zubawa kawai za ta yi.

Bayan Sallar shekarar su yayata sun yi zama. Ba su taɓa asusun marayu ba, sun buɗe na biyu ne a gefensa, na gidajen da ke da ƙananan yara ko mai juna biyu, ko da uba ko babu. Kuɗin a hannun uwa ake sa shi duk wata, ana ƙara shi daga Yuni zuwa Satumba, ba a ɗaukar fuskar yaro, kuma an yanka wa malamar da ke zaga gidajen ɗan alawus. Mai shagon naman ya ce shi dai a bar nasa a na marayu, hadisin yake bi, ba a kuma yi masa musu ba. A azumin da ya biyo, asusun marayu ya cika cikin dare uku. Na biyun har aka ga watan Salla bai kai rabin abin da aka nema ba, dole aka rage gidajen daga 40 zuwa 17.

Matar ɗan dakon tana cikin 17 ɗin. Mijin yana nan, har ya fara jan ƙafa zuwa ƙofar gida da sanda. Kuɗin Agustan da ya wuce sai a tsakiyar Satumba ya iso, don bankinsu na can ya riƙe shi mako uku yana neman a bayyana masa ko wace ce malamar da ake tura wa, da abin da ya haɗa ta da ma'aikaciyar jinya a Birmingham. Kafin ya iso ta sayar da tukunyarta babba da buta biyu ta kai ƙaramin asibiti.